Kafin ka naɗe ginshiƙin barandarka

A tsofaffin unguwannin Sakkwato irin su Ƙofar Taramniya, gidaje da yawa da ƙasa aka fara gina su, daga baya aka mayar da su na bulo da siminti. An fitar da shaguna ta bakin hanya, an yi baranda, an tsayar da ita a kan ginshiƙai na bulo ɗaya-ɗaya, wasu ma babu rodi a cikinsu. Da hali ya samu sai a zuba dakin a sama, ko a ɗora tankin ruwa. Tanki mai cin lita 1,000, idan ya cika, tan guda ne cif, kuma ginshiƙin da ke ƙasa ba don wannan nauyin aka gina shi ba.

Akwai dabarar ƙarfafa irin wannan ginshiƙi ba tare da an rushe shi ba. Ana samun ƙyalle na zaren gilashi ko na kabon, a jiƙa shi da wani gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi, a naɗe ginshiƙin da shi. Idan ya bushe sai ya zama kamar ƙarfe, ga shi kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba. A Italiya an yi amfani da irin waɗannan zaruruwa wajen gyaran tsofaffin gine-gine bayan girgizar ƙasar 1997. Aikin naɗin shi ne: idan nauyi ya danne bulo, yakan so ya buɗe ta gefe ya fashe, naɗin sai ya riƙe shi gam.

To amma a nan ne nake so maigida ya tsaya ya yi tunani. Ɗauki guntun karan dawa ka danna shi da tafin hannu, zai jure sosai kafin ya murƙushe. Ɗauki dogo ka danna, tun ba ka sa ƙarfi ba zai lanƙwashe ta tsakiya. Siririn ginshiƙi haka yake mutuwa, kuma naɗin da ya kewaya shi kawai ba ya hana lanƙwasa yadda ake zato. Ka auna naka. Bulo mai inci 9 kaurinsa kusan santimita 23 ne. Idan tsayin ginshiƙin mita 3 ne, ya ninka kaurin sau 13 ke nan. Duk wanda ya haura sau 12, ka ɗauke shi siriri. Irinsa sai an fara manna zaren a tsaye, daga ƙasa zuwa sama ta kowace fuska, an kama shi da kyau a gindi da kai, sannan a kewaya da naɗi. Idan kuma nauyin bai sauka a tsakiyar ginshiƙin ba, ya karkata gefe guda, amfanin naɗin ya ƙara raguwa.

Kafin a sayi komai, a saki igiya mai nauyi daga saman ginshiƙin a ga ko ya kauce. A duba gindinsa: idan filasta na ɓarewa, farin gishiri na fitowa, ko kwata na bi ta kusa, damshi ne ke cin sa, wataƙila ma harsashin ya zauna. Naɗi ba ya gyara harsashi.

Idan an tabbatar ginshiƙin zai karɓi gyara, a fara tokare rufin da katako ko ƙarfe. A kankare filasta har a ga bulo, a cike ramukan bulon da kankare, a toshe tsagewa. Sai a goge kusurwoyin nan huɗu su yi zagaye, aƙalla kamar santimita 2, domin kaifin kusurwa yana yanka zaren idan ya ɗauki nauyi. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ke ɓata aikin. A share ƙura, a bari ya bushe sarai. Wajen naɗi, bakin ƙyallen ya hau kan ɗan'uwansa da kamar santimita 15 ko fiye, a bi da abin murzawa a fitar da iska.

Zafin Sakkwato ma abin lura ne. A watan Afrilu yakan wuce digiri 40, gam ɗin kuwa yana saurin daskarewa a bokiti idan ana zafi, don haka a kwaɓa kaɗan-kaɗan, a yi aikin da sassafe. Bayan ya bushe ma rana tana cin sa, wuta kuma tana lalata shi, dole a rufe shi da filasta. Shi ya sa ni na fi karkata ga ragar zaren gilashi da ake binnewa cikin kwaɓin siminti, ko ma ragar waya da 'yan rodi a tsaye a zuba wa ginshiƙin riga ta kankare. Kayan suna kasuwa, simintin Kalambaina na kusa, birkilolinmu kuma sun san hannunsa.

Ginshiƙin ƙasa na tubali kuwa, kada a kusance shi da gam ko siminti. Suna kulle damshi a ciki su ruɓar da shi. A nemo maginin gargajiya.

Maigida, idan akwai bene ko tanki a kan ginshiƙin, ko mutane na zama a ƙarƙashinsa, don Allah ka kira injiniya mai rajistar COREN ya duba kafin lebura ya taɓa shi. Idan ginshiƙin ya tsage kuma tsagewar tana ƙara buɗewa, a sauke tankin yau, a tokare rufin, a hana yara zama a wurin.