Yadda ake noman zogale a garakan Yamai

A garakan bakin kogi na Yamai, daga Gamkalle zuwa Saga har tsallake a Kirkisoye, ba a barin zogale ya zama itace. Masu garka ganye suke nema, don haka duk aikin da suke masa na hana shi tsawo ne.

Da iri ake farawa. A bar kwanso ya bushe a jikin uwa har ya yi ruwan ƙasa, a fasa, a zaɓi ƙwayoyi masu nauyi, a jiƙa su kwana ɗaya. Akwai irin gida, akwai kuma PKM-1 na ƙasar Indiya, wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa a Nijar. Shi PKM-1 ya fi saurin tashi da yawan ganye. Ana iya dasa reshe ya kama, amma na iri ya fi zurfin saiwa, shi ke jure zafin Afrilu.

Sai wuri. Zogale yana son jigawa mai tsotse ruwa. Inda ruwa ke kwanciya saiwarsa ruɓewa take yi, kuma waɗanda ambaliyar 2020 ta cinye wa garaka a Harobanda sun ga haka da idonsu. A haƙa rami, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin dabbobi, a sa ƙwaya biyu zurfin gaɓar yatsa, tazarar kamar mita 1 tsakanin rami da rami. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro. A cire raunannen, a bar mai ƙarfi. Shinge kuwa tun ranar shuka, domin akuya ba ta jiran ya girma.

Idan ya kai ƙugun mutum, a sa farce a tsinke kansa. Nan ne sabon manomi ke jin tausayi ya ƙyale shi, sai ya wayi gari da sanda doguwa mai ɗan ganye a can sama inda hannu ba ya kai. Wanda aka tsinke yakan fito da rassa ta ko'ina, su ma in sun miƙe a sake tsinke su. Bayan wata biyu zuwa uku a fara yagar ganye da sanyin safiya, a riƙa komawa duk mako biyu ko uku. Da hunturu yakan yi sanyin jiki, ganye ya yi wuya a kasuwar Katako. Da azumi kuma ko nawa aka kawo ƙarewa yake.

Babban abokin gaba wata ƴar koriyar tsutsa ce mai naɗe ganye da zare, ta cinye shi ya koma kamar rariya. Ni dai ban yarda da fesa maganin auduga a abin da za a ci jibi ba. A daka ƴaƴan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma.

A gida a zage ganyen daga tsinkensa, a tafasa har ɗacin ya ragu, a matse. A daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa da tattasai, a zuba mai da gishiri a kwaɗa: Zabarmawa su ce kopto, mu ce kwaɗo. Ko a turara shi da tsaki a yi dambu. Wanda za a ajiye don miya a shanya shi a inuwa, rana tana kashe masa launi da amfani.