Darasi: Me ya sa malamin dabbobi ke binciken maƙogwaron saniya?

Makiyaya da dama suna ƙin yarda in malamin dabbobi ya zo da ɗan ƙarfensa zai sa ma saniya a baki. Su ce ai ta warke da boru, tana kiwo, tana ba da nono, me kuma ake nema? Ga dalili.

A ƙarshen baki, bayan harshe, akwai wata mararraba. Hanya guda maƙogwaro ce, ta iska, tana zuwa huhu. Gudar kuma maƙoshi, ta abinci, tana zuwa tumbi. Wani ɗan murfi ke toshe hanyar iska duk sa'ad da dabba ta haɗiye abu. Dama da hagu, cikin naman wurin, akwai ƴan kaluluwa biyu, likitoci na ce masu amidal, aikinsu tare ƙwayoyin cuta. Saniya ba ta da belu irin na mutum, kada wani ya ce za a yanke.

To, a rufin wannan mararraba ƙwayar boru ke laɓewa. Gyambon baki da na kofato sun warke, amma kusan rabin shanun da sunka kamu suna riƙe da ita fiye da kwana 28, wasu har shekara 2 ko 3. Tumaki da awaki watanni kawai.

Ƙarfen nan ɗan moɗa ne a bakin doguwar sanda. Ana zura shi a hankali, a kwaso majina, a zuba cikin kwalba, a sa ƙanƙara, sai ɗakin bincike kamar LABOCEL na Yamai. Ba yanka, ba jini. Yankan ɗan ƙwalli daga amidal aiki ne daban: a Holan anka nuna amfaninsa a 1996, don gano ciwon ƙwaƙwalwa na tumaki tun kafin alama ta fito, kuma sai an ba dabba maganin barci.

Riba taku ce. Boru iri 7 ne, kuma allurar iri guda ba ta kare dabba daga sauran. Sai an san wanda ya shigo garke kafin a zaɓi allurar da ta dace, in ba haka ba kuɗi sun tafi banza.

Ranar aikin, ku hana ma saniya ci tun dare, don tuƙa na ɓata majinar. Mutum biyu su riƙe ta, kanta a miƙe, kada a ja harshe waje. A wanke ƙarfen da magani kafin a sa ma wata.