KAMUN KIFI DA FATSA A LUNGUN CIYAWA

Manomi, idan ka kai amfanin gona gida, ruwa kuma ya fara janyewa daga fadama, akwai sauran abinci a bayan gari wanda ba kai ka shuka ba. Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, yakan cika ya malala da damina. In ya koma makwancinsa sai ya bar tafkuna da gurabun ruwa cike da kifi. Akwai kuma ruwan da ba ya ƙafewa da wuri, irin tafkin Saru na ƙasar Gummi, da madatsar Bakolori ta kusa da Talata Mafara wadda aka gama ginawa a 1978.

Kowane tafki yana da lungun da bado da kainuwa da burgu suka rufe. Yawancin mutane in sun zo nan sai su wuce, domin birgi ba ya buɗewa a kan ciyawa, kalli ya cukurkuɗe, ƙugiya kuma ta maƙale. Wani ma haushi ya sa ya zuba guba. To, a nan kifin yake. Da sanda ɗaya, da zare, da 'yan ƙugiyoyi, kana iya samun na miya kullum, wata rana har da na kai wa kasuwa.

ABIN DA KE KAWO KIFI CIKIN CIYAWA

Ciyawa gida ce, kuma rumbu ce. A jikinta ƙwari ke yin ƙwai, a ƙarƙashinta 'ya'yan kifi ke ɓuya. Inda ƙananan kifi suka taru kuwa, manya masu cin su ba su nisa. Amma lura da wannan: babban kifi ba ya zama can tsakiyar duhun ciyawa. Yakan laɓe ne a bakinta, daidai inda ta yi iyaka da sararin ruwa, ko a gefen wani fili da ya buɗe a tsakaninta, ko gindin itacen da ya faɗa ruwa, ko saiwar giyayya da ƙaidaji. Daga inuwa yake kallon haske, abin da ya gilma ya kai masa cafka.

Har wa yau akwai maganar iska. Kifi ma numfashi yake yi, da iskar da ke narke cikin ruwa. Da rana ciyawa tana ƙara wa ruwa wannan iska, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi. Saboda haka da asuba iskar ta yi ƙaranci a inda ciyawa ta yi kauri, sai kifi ya fito gefe-gefe. Shi ya sa masunta ke sammako. Da bazara, daga asuba zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, su ne lokutanka. Da hunturu kuwa kada ka wahal da kanka da sammako. Ruwa ya yi sanyi, kifi ya yi nauyin jiki, bari sai rana ta ɗaga.

SAN WANDA KAKE NEMA

Sarkinsu giwan ruwa. Shi ne ake fitarwa a Matan Fada ranar sun Argungu, wanda ya ci gasar 2020 ma ya kai kilo 78. Kada ka sa rai da irin wannan a lungun ciyawa, manyan suna can cikin gurbi mai zurfi. Matasa ne ke farauta a bakin ciyawa, daga kamu ɗaya zuwa biyu, kuma sun isa su cika tukunya. Giwan ruwa ba ya jure ruwan da ya kwanta ya yi wari, sai a gulbi ko babban tafki za ka same shi.

A ƙaramin tafki kuwa tarwaɗa ce da tufi da gaiwa, domin su suna leƙowa sama su shaƙi iska. Tufi ya fi kowa son ciyawa. Yakan kwanta shiru kamar guntun icce a ƙarƙashin ganyen bado, kwaɗo na motsawa ya haɗiye. Ƙarfasa tana kiwo a gefen ciyawa garke-garke. Tsage yana bin inda ruwa ke ɗan gudu, haƙoransa kuwa kamar ƙusa. Bargi da wuya ya ci ƙugiya, abincinsa 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne da yake tacewa, kada ka ɓata yininka a kansa.

KAYAN AIKI

Nemi gora ko gwangwala miƙaƙƙiya, mai tsawon kamar ƙafa 12, wadda kanta ke lanƙwasa ba ta karye ba. Tsawon nan shi zai ba ka damar sauke ƙugiya cikin fili daga sama, ba sai ka ja ta cikin ciyawa ba. Zaren roba ya zama mai kauri. A sarari siririn zare ya fi, amma a nan kifi da damin ciyawa za ka ɗaga tare. Gwada shi a gida: ɗaura wa bokiti cike da ruwa ka ɗaga. In ya tsinke, ba na lungu ba ne.

Wajen sayen ƙugiya, galibi in lamba ta yi yawa ƙugiyar ƙarama ce. Ƙarfasa bakinta ƙarami ne, wadda ba ta wuce farcen ɗan yatsa ba ta ishe ta. Tarwaɗa da tufi suna son matsakaiciya, giwan ruwa babba mai kaurin ƙarfe. Goga bakin ƙugiya a kan dutse har sai ta kama farcenka in ka ja ta a kai. Abin shawagi kuwa, watau wanda zai nuna maka kifi ya taɓa, guntun karan dawa ya isa.

Tsohuwar wayar birkin keke tana da amfani biyu. Warware ta, ka ɗauki sili biyu ko uku masu tsawon taƙi ɗaya ka sa tsakanin zare da ƙugiya, don haƙorin tsage da kaifin kuncin giwan ruwa. Sa'an nan ɗauki sili ɗaya ka ɗaure a idon ƙugiya, ka lanƙwasa shi ya zo ya tsaya a kan tsininta. Wannan 'yar waya za ta ture ciyawa, amma in kifi ya datse baki sai ta kwanta, tsini ya shiga.

KADA KA YI NAUYI DA DALMA

Wannan magana ba sai an yi wa mutanen Tungar Daji dogon bayani ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Daji, daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin Bagega ma sai 2013 aka yi shi.

Nauyin da ake sayarwa don fatsa da birgi, yawanci dalma ce. Masunci yakan matse ta da haƙori, wani ya narka cikin tsohon batirin mota a murhun gida ya zuba da kansa, yara na zaune suna shaƙar hayaƙin. Kada ka yi ko ɗaya. Ƙaramin noti na ƙarfe, ko tsakuwa da aka ɗaure da zare, duk aikin ɗaya ne. Kuma duk kududdufin da ka san an taɓa wanke ƙasar zinariya a ciki, ko ake wankewa yanzu, bar shi da kifinsa. Dalma takan kwanta cikin laka shekara da shekaru, tarwaɗa kuwa cikin laka take kiwo. Wuta ba ta kashe wannan guba, banda ma ba ta fitar da ita.

ƘOTO

Ƙoto, watau abin da ake sa wa ƙugiya, yana nan a gonarka. Tana daga bakin rijiyar lambu, fara, gyare, shinge lokacinsa, hanjin kaza don tarwaɗa. In tana ce, zura ƙugiya cikin jikinta har tsinin ya ɓuya, ka bar wutsiya tana motsi. Tsinin da ya ɓuya ba ya kama ciyawa. Ɗan kwaɗo, soke shi ta leɓe daga ƙasa zuwa sama, ka aza shi a kan ganyen bado, ka ɗan ja shi ya faɗa ruwa kamar da kansa ya yi tsalle. In akwai tufi a wurin, ba za ka daɗe ba.

Giwan ruwa mai rai yake so. Kama 'yar ƙarfasa ko kawara mai tsawon yatsa, ka soke ta a gadon baya, sama-sama, kada ka taɓa ƙashin. Sauke ta taku ɗaya daga bakin ciyawa, ta ɓangaren sarari. In ka sa ta daf da ciyawa za ta shige ta ɓuya, ka yini kana gadin kara.

Akwai kuma ƙoton ƙarya. A kantunan birni ana sayar da na roba da na ƙarfe masu kamar kifi, da tsada, kuma ciyawa ba ta san tsada ba, in ta riƙe ta riƙe. Yi naka. Samu tsohon cokalin shayi, ka yanke mariƙin, maƙeri ya huda maka kai da gindi. Sa ƙugiya mai 'yar wayar nan a huda ɗaya, waya da zare a ɗayar. In ka sami ɗan ƙarfen nan mai juyawa da masu sayar da kayan su ke ajiyewa, sa shi tsakani, in ba haka ba zare zai murɗe. Goge cokalin da toka ya yi ƙyalli. Naɗe zare kamar yadi 30 a jikin gwangwani, ka wulwula cokalin ka jefa, zaren zai warware da kansa. Jefa shi a tsawon bakin ciyawa, ba cikinta ba. Jawo a hankali, ka ɗan tsaya, ka sake ja. Yana juyi yana walƙiya kamar kifin da ya ji rauni, kuma sau da yawa lokacin da ka tsaya ne ake kai masa cafka. Cokali sai ruwa ya kwanta ya yi garau. In ruwa ya yi ja, kifi da hanci yake nema, koma wa tana da hanjin kaza.

YI WA KANKA FILI

In lungun ya rufe ruf, ɗaura lauje a doguwar sanda ka yanke fili kamar faɗin tabarma biyu, inda zurfi ya kai ƙugu ko ƙirji. Janye ciyawar waje, in ta bushe ta yi taki. Kwaɓa dussa da laka, ka dunƙula kamar ƙwallon fura, ka jefa uku ko huɗu kullum a lokaci guda. Kada ka yi fatsa sai bayan kwana uku. Ƙarfasa za ta fara zuwa, masu cin ta su biyo baya. Kada ka zuba dussa da yawa, in ta ruɓe ɓata ruwan take yi.

Zo wurin a hankali. Kifi yana jin takun ƙafa ta cikin ƙasa, yana kuma ganin inuwa. Zauna, kada inuwarka ta faɗa kan filin.

IN YA CI

Ƙarfasa, da kara ya nutse ka fizga. Mai cin ɗan kifi ko kwaɗo kuwa, ba shi lokaci ya juya abin a baki: ƙirga uku, sa'an nan ka ɗaga da ƙarfi. Daga nan kada ka ba shi zare ko kaɗan. Ɗaga kansa sama, ka ja shi zuwa sarari. In ya riga ka ya shige ciyawa, kada ka yi ta fizga. Riƙe zaren a miƙe ka jira, ko ka ɗan sassauta, sau da yawa da kansa yake fitowa. Cire shi da homa ko ƙwarya, ba da hannu ba. Kuncin giwan ruwa yana yanka kamar aska, ƙayar kurungu kuwa kowa ya san zafinta.

Iyakar iyawarka, tsaya a gaɓa ko cikin kwalekwale. A jikin ciyawar nan ne ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya ke zama, cutar kuwa ta fata take shiga. Yaron da ka ga yana fitsarin jini, kai shi asibiti, akwai ƙwayar magani. Kuma a halin da ƙasarmu ke ciki, kada ka tafi tafki mai nisa kai kaɗai, kada magariba ta same ka a can.

WANDA ZA KA MAYAR

Giwan ruwan da bai kai kamu ɗaya ba, jiƙa hannunka ka cire ƙugiya ka sake shi. Macensa ba ta fara ƙwai sai ta wuce haka. Da damina in ka ga an share wani da'ira cikin burgu, sheƙar bargi ce, yauni ma yana yin tasa da ciyawa a kan ruwa, kuma yana cizo in an matso. Kewaye su. Ƙarfasar da ka ga bakinta cike da ƙwai uwa ce, a baki take renon 'ya'yanta.

Guba kuwa, ko gamalin ko magimfa, da nakiya, dokar kamun kifi ta tarayya mai lamba 108 ta 1992 ta hana su. Ko ba doka, ruwan nan shi shanunka ke sha, shi ake ɗiba a yi ban ruwan albasa. Kafin ka fara, gai da Sarkin Ruwa ka ji ko tafkin yana cikin waɗanda aka tsare sai ranar su. In akwai malamin kifi a ƙaramar hukumarku, nuna masa ƙugiyarka da cokalinka.

Kifin da ka kama da safe, farke cikinsa nan take, ka cire hanji da matsatsin kunci, ka rufe shi da ɗanyar ciyawa a inuwa. Wanda ba za a ci ran nan ba, a sa masa gishiri a ɗora a banda kafin azahar.