Ciwon Hanta, Rama da Ƙabar Cibiya

Hanta ita ce rumbun jiki. A cikinta ake ajiye abincin da jiki zai ci da dare bayan an kwanta. Idan ciwo ya daɗe a cikinta har ta taurare, rumbun yakan zama wayam, sai jiki ya koma cin naman kansa. Shi ya sa akan ga majinyaci ya zube a kafaɗu da damatsa da cinyoyi, alhali cikinsa yana ƙara girma. Wannan girma ba ƙiba ba ce, ruwa ne ya taru.

Ruwan nan yana tura bangon ciki, wanda rama ta riga ta raunana, har hanji ya sami kafa ta cibiya ko ta matse-matsi. Wannan ita ce ƙaba. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar masu irin wannan kumburi yakan same ta. Manomin Duvu mai saɓa buhun dawa ko gyaɗa zuwa kasuwar Mubi ya fi shiga haɗari, domin kowane yunƙuri yana ƙara buɗa kafar.

Babban abin da ke kawo ciwon shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B, sai yawan shan burkutu da giya. Tun 2004 aka sa allurar nau'in B cikin rigakafin yara a Nijeriya, kuma an fi so a yi wa jariri ita a ranar haihuwa.

Akwai kuskure guda da ya yaɗu, wato hana mai ciwon hanta nama da ƙwai. Yin haka ƙara masa rama yake yi. Wajibi ne a ba shi wake, kifi, ƙwai, nono da nama, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ɗan abin taɓawa kafin barci. Gishiri da kanwa da dunƙulen miya su ne abin ragewa, domin su ke riƙe ruwa.

Kada a kai cibiyar wurin wanzami, kada kuma a ɗaure ta da kwabo. Likita yakan fara rage ruwan da magani kafin ya yi aiki. Amma idan ƙabar ta ƙi komawa, ga zafi da amai, ko fatarta ta yi baƙi tana tsiyayar ruwa, to a kai shi asibiti a Mubi ko Yola a wannan rana, ko da dare ne.