Camama: Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen rubutu zan yi ƙoƙarin jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muka koyi Hausa a aji, zuwa ga kalmar camama. Da yawa daga cikinmu mukan haɗa ta da barkwanci a kwando ɗaya, alhali kuwa akwai bambanci tsakaninsu.

Ma'ana

Barkwanci yawanci aikin baki ne, wato magana ko labarin da ke sa dariya. Ita kuwa camama, a bakin 'yan fim da masu kallo, wasan ban dariya ne da jiki ke ɗaukar kaso mai tsoka a cikinsa: faɗuwa, guje-guje, kokawa, dukan wasa, yamutsa fuska da shiga ta ban mamaki. Ko wanda ba ya jin Hausa sosai zai kalla ya yi dariya.

Sa mutane dariya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin akwai 'yan kama da wawan sarki da wasannin tashe na watan azumi. Amma kalmar ta yi tashe ne bayan finafinan Hausa na bidiyo sun kankama a Kano, daga shekarar 1990. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014.

Amfani

Da "c" ake rubuta ta, ba "ch" ba, kamar yadda ƙa'idar rubutun Hausa ta tanada. Ga misalai:

1. Yara sun taru suna kallon fim ɗin camama.
2. Shi ɗan camama ne, ba ya fitowa a finafinan soyayya.
3. 'Yan camama sun fi yin wasanninsu a ƙauye.

Sai dai a kula. Da yake irin waɗannan finafinai ba su cin kuɗi da yawa, kalmar takan ɗauki ma'anar raini. Idan ka ce wa mai shirya fim aikinsa camama ne, yana iya ɗauka cewa kana nufin aikin gaggawa ya yi, marar inganci.

Kammalawa

Saboda haka, ɗan'uwa ɗalibi, kafin ka kira wani ɗan camama, duba sana'arsa tukuna. Ga mai wasan, suna ne; ga waninsa, yana iya zama zagi.