Kogon Ƙanƙara Ko Kogon Aman Wuta: Wanne Za Ka Shiga A Ayislan?

Tambaya: Malam, ina karatu a Turai, kuma ina so in kai iyalina Ayislan a hutun watan Agusta. Na ga hotunan wani kogo na shuɗiyar ƙanƙara, na kuma ga ana tallan shiga kogon dutsen da ya yi aman wuta. Wanne ya dace da mu? Muna da yarinya 'yar shekara 7.

Amsa: Allah ya ba da sa'ar karatu. Tun da ka ambaci Agusta, ai ka riga ka amsa rabin tambayarka, domin a wannan harka lokacin tafiya ake fara dubawa kafin hoto ko farashi.

Dalilin yana cikin yadda kowanne ke samuwa. Idan dutse ya yi aman wuta, narkakken dutsen yakan malala gangare, samansa ya huce ya yi tauri, kamar yadda kunu ke kama fata a sama alhali ƙasansa na nan da zafi. Na cikin ya ci gaba da gudu, in aman ya tsaya sai ya tsiyaye ya bar dogon rami mai rufi. Kogon Raufarholshellir, wanda tsawonsa ya kai mita 1,360, haka ya samu shekara fiye da 5,000 da suka wuce, kuma tafiyar kusan minti 40 ce a mota daga Reykjavik. Vidgelmir da ke yammacin ƙasar ya kusa mita 1,600. Irin wannan kogo ba ruwansa da rani ko hunturu. A waɗannan biyun, a sashen da aka fi kai baƙi an shimfiɗa hanya, an sa fitilu.

Kogon ƙanƙara kuwa ruwa ne ke haƙa shi. Da zafi ya shigo, ruwan da ya narke yakan bi ƙarƙashin tsaunin ƙanƙarar ya yi wa kansa hanya. Sanyi ya dawo, ruwan ya janye, sai a samu ramin da za a iya shiga. Ƙanƙarar kanta tafiya take yi a hankali, tana tsagewa, don haka kogon bana ba shi ne na bara ba. Kowace kaka jagorori kan fita neman sabo. Hoton da ka gani mai yiwuwa na kogon da ya riga ya rufta ne. Mafi shaharar irinsu suna Breidamerkurjokull, wani reshe na Vatnajokull, babban tsaunin ƙanƙarar da ya rufe kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar, kuma lokacinsu daga Nuwamba ne zuwa Maris.

A ranar 25 ga Agusta, 2024, bangon ƙanƙara ya rufta wa wasu 'yan yawon buɗe ido a wannan wuri. Wani ɗan Amurka ya rasu, abokiyar tafiyarsa ta ji rauni. Takardar rangadin ta nuna mutum 25, don haka masu ceto suka yi ta fasa ƙanƙara har washegari suna neman mutum biyu, sai daga baya aka gane cewa 23 ne suka je. Darasi biyu ke nan: an shiga a lokacin narkewa, kuma masu rangadin ba su san adadin mutanen da ke hannunsu ba.

Saboda haka, a watan Agusta ka kai iyalinka kogon aman wuta. In kuma ran yarinya ya kwanta ga ƙanƙara, akwai ramin da aka haƙa da injina a cikin tsaunin ƙanƙarar Langjokull, wanda aka buɗe a 2015, tsawonsa kusan mita 500, ana kula da shi duk shekara. Akwai kuma kogon ƙanƙarar da aka gina a cikin gidan tarihi na Perlan a Reykjavik. Za ka ga ana tallan kogon Katla kusa da garin Vik a kowane wata. Ƙanƙararsa mai ratsin baƙar toka ce, amma shi ma ruwa ne ya haƙa shi, don haka da ƙaramar yarinya a tsakiyar zafi ba zan ba ka shawararsa ba.

In shuɗin kogon nan ne muradinka, ɗaga tafiyar zuwa hunturu, ka kuma yi lissafi da kyau. Daga Reykjavik zuwa tafkin Jokulsarlon, inda yawancin motocin rangadi ke tashi, kusan kilomita 380 ne, awa biyar in hanya ta yi kyau, ga shi hasken rana a Disamba bai fi awa huɗu zuwa biyar ba. Kwana a kusa da wurin, ka bar rana ɗaya a sake, domin iska ko ruwan sama na sa a soke fita.

Kafin ka biya kuɗi, rubuta wa kamfanin waɗannan tambayoyi. Shin yana da lasisin hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, da izinin aiki a gandun Vatnajokull in can za a je? Wane horo jagoran ya samu kan tafiya a ƙanƙara da agajin gaggawa? Mutum nawa ke bin jagora ɗaya? Wa ke duba kogon, kuma kullum ake dubawa? In aka soke fita, ana mayar da kuɗi? Shekara nawa ne mafi ƙaranci ga yaro, kuma tafiyar ƙafa nawa ce daga mota zuwa bakin kogo? Kamfanin da ya ce maka shi ba ya taɓa sokewa, bar shi da kayansa. Araha ba ta ado, balle a inda rufin ɗakin ke narkewa.

Ko a kogon aman wuta, tambayi irin rangadin. Na awa ɗaya kan shimfiɗaɗɗiyar hanya daban yake da na tsallaka duwatsu cikin duhu. Kogon Vatnshellir sai an sauka matakala mai murɗewa, Lofthellir kuma sai an yi rarrafe a mashigarsa. Mai ciwon gwiwa ko mai tsoron matsattsen wuri ya san wannan tun daga gida.

Sai sutura. Cikin kogon aman wuta sanyi bai yi nisa da na daskarewar ruwa ba ko da rani. Ku sa kaya hawa-hawa, na ulu a ciki, mai hana ruwa a waje, ku guji auduga don tana riƙe laima. Takalmi ya zama mai tauri, mai rufe idon sawu. Kamfani ne ke ba da hular kwano da tocila, a kan ƙanƙara kuma har da ƙarafa masu tsini da ake ɗaura wa takalmi. Waɗannan ƙarafa na kama doguwar riga su ka da mutum, don haka uwargida ta sa wando mai kauri da rigar da ba ta wuce gwiwa ba, da ƙaramin ɗankwalin da hula za ta zauna a kai daram.

Ranar fita, duba hasashen hukumar yanayi da shafin Safetravel na masu aikin ceto, ka riƙe lambar gaggawa, 112. Tabbatar inshorarka ta haɗa da tafiya a kan ƙanƙara. A wurin kuma, kada ku tsaya ɗaukar hoto a bakin kogon ƙanƙara, nan ne rufin ya fi siranta. In jagora ya ce a juya, a juya ba gardama. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.