Kafin ka naɗe tabarmar sitaj ka komo Adar

Ƙanena, watan Satumba ya kama, gero ya fara nuna a gida, kai kuma kana can Wagadugu ko Kano, ko cibiyar Songhaï ta Porto-Novo a Benin, kana ƙirga kwanakin da suka rage maka. Da kai nake, da ke ma ƙanwata. Abin da ya fi ɓata wa ɗalibai sitaj shi ne makon ƙarshe, lokacin da jiki ke wurin aiki, hankali kuwa ya riga ya isa tasha.

Fara da takarda. Shaidar kammala sitaj ka nemi a rubuta ta tun ana saura sati biyu, domin mai sa hannu yakan yi tafiya daidai ranar da kake bukatarsa. Duba sunanka harafi bayan harafi, ya dace da na takardar haihuwa. A sa ranar farawa da ta gamawa, a buga hatimi, a kuma faɗi aikin da ka yi. "Ya yi sitaj a wurinmu" ba ta sayen komai. Wadda ta ce ka auna filaye, ka kula da wurin renon itatuwa, ko ka riƙe lissafin sito, ita ce mai ɗaukar aiki ke tsayawa ya karanta. Rahoton da makaranta ke jira shi ma rubuta shi a can, inda alƙaluma da masu amsa tambaya suke kusa, ka kuma nemi izini kafin ka kwashi bayanansu. Aikin da ba ka ƙarasa ba, bar shafi guda da ke cewa ga inda ka tsaya, ga inda fayil yake.

Sai abu mai nauyi a baki. Ka nemi minti goma wurin wanda ya kula da kai, ka ce: "Malam, me zan gyara?" Mu an rene mu da kunya. Babba ya yi magana, sai mu sunkuyar da kai mu ce "to", ko mun gane ko ba mu gane ba. A zaure ladabi ne, amma a wurin aiki wannan "to" alkawari ce, kuma za a tambaye ka ita ranar Litinin. Duk wanda ya yi wata biyu a ofis mai tsari ya ga cewa mai cewa "ban gane ba, a maimaita mini" ya fi mai shiru daraja, haka ma mai kawo labarin ɓarna da safe maimakon ya ɓoye har yamma. In ka dawo da wannan hali kaɗai, kuɗin motarka sun fita.

Wajen sallama kada ka tsaya kan manya. Mai gadi, direba da sakatariya su ke ɗaukar waya in ka kira bayan shekara. Bashin mai shago da na mai abinci ka biya, saboda ɗan Nijar da zai zo bayanka.

Yanzu babbar maganar: me za ka yi da abin da ka gano? Jiharmu ta Tawa tana da misali. A 1989 wani aiki na asusun FIDA ya kai manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako, a zuba taki, a shuka a ciki. Da suka komo ba su tara gari suna wa'azi ba. Sun gwada a 'yan filaye kaɗan. Damina ta 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gero ya yi a cikin ramukan, na waje ya ƙone, maƙwabta suka gani da idonsu. Daga nan tassa, wato dabarar ramukan nan, ta bazu, har fakon da aka yar ya koma abin saye da sayarwa. Dabara guda suka ɗauko, wadda ba ta bukatar komai sai hauya, taki da ƙarfin hannu.

Kai ma zaɓi guda. A Songhaï ka ga kashin kaji na komawa taki da iskar girki, ruwan kifi na shayar da lambu, amma can ƙasar ruwa ce. Ka tambayi kanka wanne zai rayu a Tamaske ko Ibohamane cikin watan Afrilu. Wataƙila yadda ake haɗa taki ne, ko littafin shiga da fita, wanda masu albasa da yawa a Madawa ba sa riƙewa. Roƙi mahaifinka kusurwar gona, ka ce gwaji kake so. Kada ka ce masa "a can ba haka ake yi ba".

Kuma ka tuna ba wurin da bai san aiki ka komo ba. Tun 1984 aikin Keita, da kuɗin Italiya da hannun FAO, ya yi ta gina shingayen dutse da madatsai a tuddai da ƙoramu, kuma galibi mata ne suka ɗauki duwatsun a ka, ana biyansu da abinci, maza sun tafi bida. A kwarin Magiya ta wajen Buza, layukan bedi masu tare iska sun soma tun 1975. Innarka da ta yi aikin Keita ta san inda ruwa ke bi fiye da taswirarka. Zauna ka tambaye ta.

Cikin watan farko kai kwafin takardunka ofishin noma, na muhalli da na magajin gari, ka yi rajista a hukumar masu neman aiki ta ANPE a Tawa. Na asali kuwa sa su a leda, nesa da gara, ka ɗauki hotonsu a waya. Bayan wata uku ka aika wa tsohon maigidanka saƙo, da hoton kusurwar gonar, ka faɗa masa abin da ya yi da abin da ya ƙi.